Yadda Garga Ya Ɓoye Sunayenmu

Ni ban yi boko ba. Allo na yi, na tsaya a izu biyar, kuma abin da na sani na san shi. Amma ranar da aka sallami Garga daga jami'a ni na fara sani, domin a zaurena ya zo ya zube kamar buhun gawayi.

Garga ɗan ƙanena ne, marigayi Ƙasimu. Uwarsa 'yar Garwa ce, ita ta zaɓa masa sunan. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana planto a sashen nazarin harsuna: ya kai takarda, ya goge allo, ya sayo wa malamai burodi. Amma da ya sauko unguwarmu Briqueterie ta nan Yawunde, wadda kowa ke ce wa Birik, sai ya maƙala tabarau marar magani ya dinga cewa "mu a iniversite". Shekarar da aka yanke albashi sau biyu, har farfesoshi suka ajiye motoci suna cusa kai a taksi, sai aka ce a rage ma'aikata. Da planto aka fara, kamar yadda aka saba.

"Kuskure suka yi, Goggo Kulsum," in ji shi. "Ni ne ginshiƙin sashen nan."

Na ce, "Ginshiƙi ba ya zuwa sayen burodi."

Wata Juma'a ya dawo daga masallaci yana tafe kamar an naɗa shi sarauta. Wai ya gamu da Farfesa Mohaman, shugaban sashen da ya kore shi. Farfesa ya gaya masa suna neman mutum ɗaya, ɗaya tak, ɗan unguwa, wanda zai taimaka musu tattara Hausar da ake yi a Birik. Garga ya ce masa ai shi ya riga ya wuce nan, mujalla ma yake shirin fitarwa. Farfesa, mutum mai kunya, ya ce in ta fito a kira shi ya gani.

"Wace mujalla?" na tambaye shi.

"Wadda zan kafa yau. Goggo, a can wanda bai buga rubutu ba ya mutu. Da kunnena na ji suna faɗa. Tasu mujallar shekara huɗu ba ta fito ba, babu takarda. In tawa ta fito, aikin nan nawa ne. Da mota za su zo ɗaukata."

"Motar da ba ta da mai?"

Bai ji ba. Kafin la'asar ya rubuta allo ya kafa a ƙofar zaurena, ba tare da ya nemi izinina ba: Babbar Mujallar Harsunan Duniya ta Birik. A ƙasa ya jera muƙamai. Darakta, Garga. Babban edita, Garga. Sakatare, Garga. Sai ya kafa abin da ya kira kwamitin masana. Ya sa Halilu mai tsire, wanda tukubarsa ke bakin layinmu, saboda yana son takardar buhun siminti da Halilu ke naɗe nama ya yi bango da ita. Ya sa Jannatu tela, maƙwabciyata, saboda tana da keken ɗinki. Ya sa Alhaji Siddiƙ mai shagon atamfa, saboda yana da benci huɗu.

Halilu ya ce, "Musiye Garga, ni me zan yi a kwamitin?"

"Ba komai. Haka ake yi. A can ma ba sa yin komai."

"To sa ni."

Daga nan Garga ya sayi ƙaramin littafi ya shiga yawo. Ya zauna bayan tukubar Halilu, ya jingina da katangar Jannatu, ya tsuguna gefen shagon Alhaji, kansa a sunkuye yana rubutu. Mutane suka ɗauka baƙin cikin rashin aiki ne ya taɓa shi. Masu shayi suka dinga ba shi kofi kyauta. Wata uku yana wannan hali, kowa na tausaya masa yana sakin baki a gabansa, domin ba a jin kunyar mutumin da ake tausayi.

Wata safiya ya shigo mini da takardu. A saman shafin farko akwai rami, an yanke da reza.

"Ɓera ne?" na ce.

"Sunan marubuci ne na cire. Goggo, ke ce mai duba ta ɗaya. Dokar mujalla ita ce ɓoye suna. Mai rubutu bai san mai duba ba, mai duba bai san mai rubutu ba. Mutum biyu za su duba, in sun yarda a buga. Siyantifik ne."

"Ai ka san ba na karanta boko."

"Ni zan karanta miki, in juya miki Faransancin zuwa Hausa. Amma sai kin shiga bayan labule, don kada marubucin ya gane ki."

"Marubucin yana nan ne?"

"Ba a faɗa."

Na shiga bayan labule, don in ga ƙarshen abin. Ya juya mini baya, ya yi gyaran murya, ya fara: "Ni da na shafe shekara goma sha ɗaya ina riƙe da sashen nazarin harsuna..."

"Garga, kai ne."

"Goggo, ba a faɗa!"

Ya ci gaba. Wai bincike ne a kan yadda mutanen Birik ke cakuɗa Hausa da Faransanci da Fulatanci. Wannan ban ƙi ba, gaskiya ne, jikokina ma in suna magana rabi nake ganewa. Amma da ya iso wurin misalai sai na gane abin da ya aikata. Maganganun mutane ne, kamar yadda suka fito daga bakinsu, irin waɗanda ake yi a rage murya. Ashe abin da yake rubutawa wata uku ke nan.

Na yaye labulen. "Wannan laɓe ne. Laɓe da gulma. Allah ya hana, Annabi ya hana, ni ma na hana."

"Goggo, data ake kiransa. Kuma na ɓoye sunan kowa. Harafi ɗaya kawai na sa, da sana'a, da shekaru. Haka na ga suna yi."

"Masu tsire nawa ne a layin nan?"

"Ɗaya."

"To rubuta: ban yarda ba. Kada a buga."

Na tsaya a kansa har ya rubuta, na kai wa malamin makarantar da ke haya a gidana ya tabbatar mini abin da ke jiki, na dangwala yatsa, na ƙulle takardar a bakin zanena. Garga ya ce ba komai, wannan shi ake kira gyare-gyare, marubucin zai gyara. Na ɗauka cirewa zai yi. Abin da na ji kuwa ban kai wa kowa ba. Ni ba na ɗaukar magana daga wannan gida zuwa wancan, ko da ta mutanen da ke cikinta ce.

Bayan kwana biyu na tambaye shi mai duba na biyu.

"Wani babban masani ne. Ya yarda, har ya yaba."

"Yana sa tabarau marar magani?"

"Ba a faɗa, Goggo. Da aka yi kunnen doki, sai babban edita ya raba gardama."

"Shi ma ya yarda?"

"Da hannu biyu."

Sai aikin bugu. Ya samo wani tsohon injin buga takarda mai hannu a kasuwar Mokolo, roneyo suke kiransa, ya ɗora a zaurena. Juyin farko, tawada ta tsarto masa daga goshi har cibiya. Ya ce injin yana gaisuwa ne. Juyi na biyu, hannun injin ya cire ya bugi tulun ruwana. Ya ɗaure shi da igiyar guga ya ci gaba. Da shafukan suka fito jiƙe, sai ya rasa inda zai shanya, ya tsallaka gidan Jannatu ya jera su a igiyarta, gefe da gefe da farar shaddar Alhaji Siddiƙ wadda ta gama wa aiki. Duk wanda ya zauna a Yawunde ya san ruwan azahar ba ya sallama. Kafin a ce kwabo ya sauko. Da aka ɗauke, shafi na bakwai ya koma bayan rigar Alhaji gaba ɗayansa, har da lamba.

Jannatu ta fito tana ihu. "Yaya Garga! Rigar Juma'ar mutum!"

"Kwantar da hankali, ƙanwata. Alhaji ɗan kwamiti ne. Shi ya fara samun kwafi."

Ta wanke sau uku, ta ce wa Alhaji sabon yayi ne daga Duwala. Shi kuma Garga ya sake bugawa, sannan ya ce zai ɗinke mujallar da kekenta, da kansa, domin doka ta hana ɗan kwamiti ganin ciki kafin ranar buɗewa. Takardar siminti ba yadi ba ce. Allura ta farko ta karye, ta biyu ta karye, ta uku ta tashi sama ta faɗa cikin tukunyar miya. Ranar nan gidan Jannatu gayan tuwo suka ci.

Duk da haka mujalla ta fito, guda talatin, tana warin tawada da ƙuli-ƙuli. Aka sa ranar Asabar bayan la'asar. Aka jera bencin Alhaji a ƙofar gidana. Halilu, da yake ɗan kwamiti ne, ya kawo tsire faranti guda kyauta. Alhaji ya zo da rigarsa mai sabon yayi, ƙanensa Rashidu na unguwar Madagaskar ya zauna kusa da shi. Mata suka cika zaure, matar Alhaji a gaba. Farfesa Mohaman ya iso a ƙafa, jar laka har idon sawu. Mutum ne siriri mai ladabi, ya durƙusa ya gaishe ni da Hausa irin ta mutanen Garwa.

Garga ya yi jawabi har inuwa ta juya. Ya ce yau Birik ta shiga taswirar duniya, ya ce Turawa za su yi layi. Da ya gama ya miƙa wa Farfesa kwafi, ya roƙe shi ya karanta wa jama'a misalan da bakinsa mai albarka. Halilu ya matso da farantin tsire. Farfesa ya soki yanka ɗaya da tsinke ya kai baki, ya buɗe shafi.

"Misali na ɗaya," in ji shi yana tauna. "'Na shekaranjiya ne. Ƙara masa yaji da mai, ba wanda zai gane.' Mai magana: H., mai tsire, shekara hamsin da biyu."

Bakin Farfesa ya tsaya. Ya dubi tsinken hannunsa, ya dubi farantin. Kowa ya dubi Halilu.

Halilu ya ce, "Masu tsire suna da yawa a Yawunde."

Garga ya ɗaga hannu. "Jama'a, ba a san ko wane ne ba. An ɓoye suna."

"Kai, ɗan Ƙasimu! Shayin da na saya maka ke nan?" in ji Halilu.

Farfesa ya haɗiye da ƙyar, ya so ya rufe mujallar. Amma jama'a sun ɗanɗana. Jannatu tana dariya har da riƙe ciki, ita ce ta fi kowa ɗaga murya: "Karanta, Farfesa! Ilimi ne, a bar mu mu ƙaru!"

Ya karanta. "Misali na biyu. 'Yadin Hajiya ya yi saura, zan fitar wa Ilham riga a ciki. In ta tambaya a ce ya shige a wanki.' Mai magana: J., tela, mace, shekara arba'in da huɗu."

Ilham 'yar Jannatu ce, kuma tana tsaye a bakin zaure sanye da rigar. Matar Alhaji ta dubi zanen jikinta, ta dubi rigar yarinyar, fure ɗaya, launi ɗaya. Ta miƙe a hankali.

Amma Jannatu ba ta wannan take ba. "Arba'in da huɗu? Ni? Uban wa ya ƙirga maka? Talatin da uku!"

"Ashe ke ce," in ji matar Alhaji.

"Ba ni ba ce! Amma ko wace ce, talatin da uku take!"

Alhaji Siddiƙ yana ta kaɗa carbi yana murmushi, yana cewa a yi haƙuri, duniya ce. Sai Halilu, wanda ba shi da sauran abin asara, ya ce, "Farfesa, ci gaba. Kwamiti bai ƙare ba."

"Misali na uku. 'In kun hango na Madagaskar ku ce na tafi Duwala. Mutum kullum sai an sauke tukunya yake tuna zumunci.' Mai magana: Alhaji S., mai shagon atamfa."

Carbin ya tsaya. Rashidu ya juyo ya dubi wansa. "Yaya, sau shida ka je Duwala a watan jiya."

"Harkar kasuwa ce."

"Har ina yi maka addu'ar sauka lafiya. Ashe kana bayan kanta kana cin dambu."

Wuri ya kaure. Waɗanda ba a kai gare su ba suka fara ƙirga maganganun da suka yi a gaban Garga cikin wata uku, dariya ta bushe a bakinsu. Ashe gyare-gyaren da ya yi mini alkawari ƙari ne: misali goma sha biyu na ji a bayan labule, yanzu sun zama arba'in. Mai shayi ya wawuri kwafi biyar. Wata mata ta cusa uku a cikin mayafi. Halilu ya kwashi sauran ya ruga ya zuba a wutar tukubarsa, yana fifitawa da hannu biyu.

Garga ya hau benci, tabarau a karkace. "Silans! A yi shiru! Farfesa, bar waɗannan, Hausar kasuwa ce. Karanta na arba'in. Shi ne zinariyar binciken. Hausa tsantsa, babu Faransanci ko ɗigo. Ta kan katanga na tsince shi."

Farfesa yana rungume da kwafi ɗaya tak da ya rage a fili. Ya buɗe shafin ƙarshe, kowa na addu'a kada ya zama shi.

"'Wannan, ko akuya ka ba shi kiwo, akuyar ce za ta dawo da shi gida.' Mai magana: G. K., tsohuwa, shekarunta ba su ƙirguwa."

Ban sunkuyar da kai ba. Abin da na faɗa a bayan mutum ina faɗarsa a gabansa.

Farfesa ya ce, "Kai, wannan magana ta yi daɗi. Da wa ake?"

Garga ya gyara tabarau. "Ban samu sunansa ba, Farfesa. Wani sakarai ne a unguwar nan. Ina kan bincike."

Jannatu ta share hawaye da gefen mayafi. "Ni aka gaya wa. Ranar da ya yanke sunansa da reza."

Hannuwa ne kawai suka tashi, na maza da na mata, har da na Alhaji mai carbi, duk suka nuna kan benci. Garga ya waiga bayansa ya ga bango.

Da dariya ta lafa, Farfesa ya tambaya a hankali, "Garga, ba wanda ya duba wannan rubutu kafin a buga?"

"Masana biyu. Amma ba a faɗa."

Na miƙe. "Yau za a faɗa. Ni ce ta ɗaya." Na kwance bakin zane na miƙa masa takardar. Ya karanta da ƙarfi: ban yarda ba, kada a buga, laɓe ne da gulma. Ya daɗe yana kallon dangwalen yatsana.

"Hajiya," in ji shi, "shekara ashirin ina aika wa masana rubutu su duba. Wani sai ya riƙe shekara biyu ya dawo mini da shafi biyar, ban gane ya yarda ko bai yarda ba. Na biyun fa?"

Na ce, "Ga shi can a kan benci. Edita ma yana nan tare da shi, da darakta, da sakatare. Shi ya sa bencin ke ƙara."

Farfesa ya ce mutumin da suke nema shi ne wanda ya san Hausar unguwa kuma ya san abin da ba a ɗauka daga bakin mutane. Ya tambaya ko zan yarda in dinga zuwa jami'a kowace Talata. Na gindaya sharuɗɗa: ba sunan kowa, ba harafin kowa, ba maganar da mai ita bai sani ba, kuma da an kira azahar na tashi. Ya amsa duka. Garga ya sauko daga benci, ya tsaya gefena kamar kazar da ruwa ya daka. Na dube shi, na tuna Ƙasimu. Na ce akwai sharaɗi na ƙarshe: ƙafata ba ta son tudu, ina bukatar mai riƙe mini tabarma da buta.

Washegari da safe na ji shi wurin mai shayi, wanda ya daina ba shi kyauta, yana cewa mujallarsa ta ƙare a rana ɗaya, abin da ba a taɓa yi ba a tarihin ƙasar nan, kuma jami'a ta roƙe shi ya dawo.

Talatar farko muka tafi, ni a gaba, shi a baya da buta. A dawowa ya ce in bar masa komai, hanyar nan ya fi tafin hannunsa saninta. Ya tare taksi, ya zauna gaba, ya shiga koya wa direba asalin harsunan duniya. Bai ɗago kai ba sai da aka sauke mu a tsakiyar Nkomkana, wata unguwa daban. Ya dubi gabas, ya dubi yamma, ya ce an canza unguwar. Na karɓi butata, na kama hannun rigarsa, na bi da shi lungu-lungu har ƙofar gida.

Jannatu na zaune a bakin kekenta. Ta dube ni, ta dubi hannun rigar da ke hannuna, ta buɗe baki.

Na ce, "Ki kuskura ki ambaci wata dabba, in faɗa wa unguwa shekarar da aka haife ki. Ni na yanke miki cibiya."